Numfashi Na Biyu a Ɗakin Mthiyane

Bhekizizwe Mthiyane rago ne, bai kuma taɓa jin kunyar faɗa ba. Ko sana'arsa ta sassaƙa sunaye a duwatsun kabari a garin Katlehong, don a zaune ake yi ya zaɓe ta. Ƙurar dutsen ta cinye masa huhu.

Likitoci suka sa shi a layin masu jiran dashen huhu, da sharaɗi: wanda ya bari ƙarfinsa ya ƙare za a cire shi, don ba zai tashi daga tiyatar ba. Aka haɗa shi da Refilwe, mai koyar da motsa jiki ta waya. Sai ya jingina wayar da gwangwanin sukari, robar iska a hanci.

"Yarinya, kujera don zama aka yi ta."

"Baba Mthiyane, kabari ma don kwanciya aka yi shi. Tashi."

Sai ya karkata wayar, kafaɗa kawai yake ɗagawa don ta ɗauka tashi yake yi.

Wata Laraba da hantsi Refilwe ta daina ƙirge.

"Baba, wa ke kusa da kai?"

"Ba kowa. Ƙanwata Zodwa tana kasuwa."

"Riƙe numfashinka."

Ya riƙe. A bayan kunnensa wani numfashi ya ci gaba, dogo, na ƙirjin da bai taɓa shaƙar ƙura ba. Refilwe ta kashe wayar ba sallama.

Da Zodwa ta dawo ya ba ta labari, ta ce tsoro ne.

"A'a, ƙanwata. Mai huhun ne. Da ransa tukuna, ya zo duba gidan da zai koma."

Daga ranar ya miƙe wayar. In ya tashi da gaske, numfashin ya matso. In ya yi ha'inci, ya ja da baya wajen ƙofa. Mthiyane ya san in ya fita ba zai dawo ba. Haka ya yi ta tashi da zama har cinyoyinsa suka yi nama.

Wata safiya ɗakin ya yi tsit. Bai jira ba, ya sa takalmi. Kafin azahar asibiti suka kira, an samu huhu.

A bakin mota ya kama hannun Zodwa.

"Dangin mai huhun za su je da reshen bishiyar umlahlankosi su kai kurwarsa gida, yadda muke yi wa mamatanmu. Amma rabinsa na wurina. Ranar sallamata ki zo da naki reshen. Kada ki kula ni a hanya. Shi za ki yi wa magana, ki faɗa masa kowace kwana har ƙofar gidanmu."