Kifin da Uwata Ba Ta Gama Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, Allah Ya karɓi ran 'yata, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata ta ci. Ta rasu a asibiti bayan ta haihu, jini ya ƙi tsayawa.

Uwata, da safiyar ranar babu wanda ya kai ni murna. Da aka ce kin sami mace, na fita ko hula ban sa ba, ina gaya wa kowa na yi sabuwar amarya. Kafin la'asar, mutanen da na yi wa albishir su ne suka dawo yi mini gaisuwa.

Ke kika riƙe mini hannu na koyi rubutu, lokacin da na shiga makarantar yamma da furfurata. Ban san abin da zan rubuta da shi ke nan ba.

Masu gaisuwa suna tambaya wane aiki kike yi a gidan tarihi. Kifi kike zanawa, irin wanda ya ƙare tun babu mutum a duniya. Kansa lulluɓe da sulken ƙashi, ba shi da muƙamuƙi, bakinsa ɗan rami ne kawai. Masana su kawo miki ɓallin dutse mai shatar ƙashinsa, ki duba da madubin ƙara girma, ki auna, ki gina shi da yumɓu, sannan ki ɗauki alƙalami.

Ranar da na fara zuwa ɗakin aikinki na ce, "Uwata, kifin nan naki da me yake tauna?"

Kika ce, "Tsotsa yake yi, Baba, kamar kai tun da haƙoranka suka zube."

Kina da ƙa'ida. Abin da dutse ya nuna, ki ja shi da tawada. Abin da kike zato, ki yi shi ɗigo-ɗigo da fensir. Kika ce ba za ki yi wa halittar Allah ƙarya ba.

Zanenki na ƙarshe yana nan kan teburinki. Kan kifin kin gama shi tsaf. Daga nan zuwa wutsiya ɗigo ne, kina jiran a tono wani dutse. Yanzu shugabanku ya ce za a ba wani ya goge ɗigon, ya cike, ya shafa launi. Mijinki ba ya iya magana, sai ni na je wajen shugaban.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ku rataye shi yadda ta bar shi. Yarinyar nan ba za ta san muryar uwarta ba. Ku bar mata inda hannun uwarta ya tsaya."

Ya ce, "Baba, mutane ba sa tsayawa kallon rabin kifi."

Na ce, "Ni zan tsaya."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Gobe zan koma, jibi ma haka. Duk wanda ya karanta wannan kuma yana da faɗa a wajensa, don Allah ya sa baki.

Ina yi wa mijinki ta'aziyya, da mahaifiyarki, da ƙannenki, da abokan aikinki. Allah Ya jiƙanki, Uwata, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki, Ya raya abin da kika bari. Ni kuma Ya ara mini kwana da ƙarfin hannu, in ɗaga amaryata sama ta ga kifin da idonta. Amin.