Takardar da Nata'ala Ya Aika wa Hakimi

Duk Bahaushen da ya zauna a Hayyin Ashir, unguwar nan ta Alƙahira da baƙi 'yan Afirka suka cika, ya san Nata'ala wanzami. Karatu ya kawo shi Masar tun da daɗewa. Nahawu ya ƙi shi, shi ma ya ƙi nahawu, aka rabu ba faɗa. Sai ya koma ga sana'ar gidansu, ya kama wani ɗan shago ya rataya madubi. Ranar suna shi ake kira ya aske jariri, tun daga gidajen ɗalibai har na ma'aikatan ofishin jakadanci. Ni Badamasi, shekara huɗu na yi ina miƙa masa kaina lokacin da nake karatu, kuma ban taɓa ganin mai tambayar tsiya irinsa ba. Aska na maƙogwaronka zai tambaye ka dalilin da ya sa Misirawa ke zuba sukari cokali huɗu a shayi, kai kuma ba halin ka girgiza kai.

Abu ɗaya yake tinƙaho da shi. Mahaifinsa ne Sarkin Aska na garinsu, can ƙasar Daura, kakansa ma ya riƙe, shi ne kuma ɗan fari. Bai taɓa cewa yana jiran sarautar ba, don ba mai faɗin haka ubansa na raye. Amma duk mun sani.

Kowace Talata yakan shiga ƙaramar bas zuwa Wustul Balad, wato tsakiyar birni, daga nan ya hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, ya sauka unguwar Ma'adi, ya yi wa wani tsohon Bature gyaran fuska. Mista Wenlo sunansa, ɗan Ingila, ya yi shekara talatin yana koyarwa a wata makaranta har ya yi ritaya. Bai taɓa aure ba, hannunsa na rawa, yana zaune shi da kuliyoyi biyu, Larabcin Masar kuwa a bakinsa kamar ɗan gari.

Wata Laraba a shekarar 2012 na shiga shagon na tarar da Nata'ala yana ta zumuɗi. Ko gaisawa ba mu gama ba ya zaunar da ni.

"Malam Badamasi, ka taɓa jin sarauta ta zo wa mutum ta gidan waya?"

Ashe jiya ya sami Baturen da wasiƙa a hannu yana dariya. Wani ɗan'uwansu da suka haɗa kakan kaka, wanda bai taɓa gani da ido ba, ya mutu a Ingila. Mutumin yana riƙe da wata tsohuwar sarautar gidansu, irin wadda ake kiran mai ita Lod. 'Ya'yansa uku duk mata ne, ita kuwa wannan sarauta ba ta bin mace. Aka bi sassalar maza, aka hau aka sauko, sai ga ta ta faɗo kan tsoho mai kuliyoyi a Ma'adi.

Nata'ala ya ce ya ajiye askar ya tsare shi da tambaya. Wa ka aika ya kama maka ƙafa? Ba kowa. Su wa suka zauna suka zaɓe ka? Ba wanda ya zauna. To yaushe za a yi naɗi? Babu naɗi, babu rawani, tun ranar da wancan ya cika shi ne Lod, ko da bai sani ba. To in mutum sakarai ne fa, ko ɗan giya? Baturen ya ce an sha yin irinsu, kuma sun riƙe. Sannan ya ɗauko wata doguwar takarda mai layuka kamar rassan bishiya, ya nuna masa sunansa can a gefe, ya kuma nuna wanda zai gaje shi, wani direban bas a Kanada.

"Direba, wallahi!" in ji Nata'ala. "Yana can yana tuƙi, sarauta na biye da shi. Ka ga adalci, ba gaba, ba zirga-zirga, ba a ɓata zumunci."

Na ce masa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Bai ji ba. Wata da watanni ba shi da hira sai ta Lod. Ya san wanda ya fara riƙe sarautar, ya san wanda ya mutu a yaƙi ƙaninsa ya hau, ya san jaririn da ya gaje ta yana wata shida. Ni kaina abin ya riƙa ba ni sha'awa, har nakan tambaye shi ina aka kwana.

Farkon shekarar 2014 Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa. Mun yi zaman makoki a shagon, ya yi kuka sosai, don rabonsa da tsohon shekara tara. Kowa ya zaci zai tafi. To iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta daɗe da mutuwa, in ya fita dawowa sai wani ikon Allah. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, yana Alƙahira.

Ƙanwarsa Husaina ta kira shi ina wurin, ya sa wayar a fili saboda hannunsa da sabulu.

"Yaya, ka taho. Ɗanmalam kullum yana ƙofar hakimi, su kawu ma suna raka shi."

Ɗanmalam ƙaninsu ne, wanda ya zauna gida yana riƙe wa tsohon zabira.

"Ma'alish, ba komai, Husaina, bar shi ya yi ta zuwa. Sarauta jini ce, ta san mai ita."

A makon nan ya sayo babbar takarda da ma'auni, ya zana bishiyar gidansu yadda ya ga ta Bature. Kakan kakansa a sama, rassa na saukowa, sunansa a ƙarƙashin na mahaifinsa an ja masa layi da jan biro. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ya naɗe ta, ya ba wani ɗalibi mai tafiya hutu ya kai wa hakimi.

Na ce, "Nata'ala, zuwa da kai ya fi aike. Ko goro ba ka haɗa ba, ko dattijo ɗaya ba ka roƙa ya shige maka gaba ba."

"Ai gaskiya ba ta buƙatar ɗan rakiya," in ji shi, yana tsakiyar yi mini aski. "Yalla, maza sunkuyo."

Na ji haushinsa ranar, na kuma ji tausayinsa. Mutumin da ya san kan kowa a unguwa, ya manta yadda kawunan garinsu suke.

Bayan arba'in da 'yan kwanaki ɗalibin ya dawo, ya zo shagon da hantsi yana sosa ƙeya. Ya ce an buɗe takardar a zaure, an juya ta sama da ƙasa, wani bafade ya tambaya ko taswirar gona ce. Daga baya dai aka gane abin da take nufi. Hakimi ya ce bai taɓa ganin wanda ya nemi sarauta da takarda yana zaune a wata ƙasa ba, ko gaisuwar mutuwar ubansa bai zo ya karɓa ba. Ya ce shi ya san Nata'ala ne babba, ba sai an zana masa ba. Sannan ya tambayi mutanen zauren wa ya aske 'ya'yansu ranar suna a shekarun nan da idon tsoho ya yi rauni. Duk suka ambaci suna ɗaya. An naɗa Ɗanmalam ranar Juma'ar da ta wuce.

Nata'ala ya juya ga aikinsa. Akwai wani ɗan Nijar a kujera an aske rabin kansa, ya ƙarasa masa tsaf, ya goge masa wuya, ya sallame shi. Sannan ya zauna a kujerar da kansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Ni na koya wa yaron nan riƙon aska," ya ce. "A kan ƙwarya na koya masa, yana kuka."

Ya daɗe yana kallon wayarsa. Na gane Ɗanmalam zai kira, na ce ko ya bari sai gobe. Ya ce khalas, magana ta ƙare, in ya kwana ba zai iya ba. Ya danna lambar, ya miƙe tsaye, ya zare takalmansa a tsakiyar shagon kamar mai shiga zaure. Muna jin wayar tana ƙara, aka ɗauka, wata murya ta ce, "Yaya?"

Nata'ala ya durƙusa a kan gashin mutane, ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Aska. Nata'ala ne ke gaisuwa."