Tsutsa Mai Farin Goyo

Kunya ɗaya ce ta raba lambuna da na maƙwabcina, a fadamar bakin kogi, gangaren Unguwar Rimi. Shi Bakano ne, ni Bazazzagi, don haka tsokana ba ta ƙare mana. Nawa ya fi kusa da ruwa, da rani ƙasar takan yi fari-fari da kanwa. Na fi shi aiki nesa ba kusa ba. Ciyawar gefe nakan nome ta in ƙone ƙurmus. Nasa gefen kuwa ya zama jeji, har fure ciyawar take yi, shi yana kwance gindin mangwaro da rediyo.

Amma kabejina tsutsa take ci. Ganye duk huji kamar rariya, nasa ya naɗe fes.

Akwai wata Hajiya mai sari a Babbar Kasuwa da ta daɗe tana ɗaukar kayana. Ta zo ta ɗaga ganye ɗaya, ta saki.

"Malam, bana sai haƙuri," ta ce, ta tsallaka kunyar.

Bakanon ya ɗago kai. "Yaya, kai dai akwai karamci. Har tsutsa ka yi wa walima!"

Na yi dariya, amma ranar ko tuwo bai wuce mini ba.

Da ya tafi kasuwa na shiga lambunsa ina dube-dube. Ashe shi ma yana da tsutsa, sai dai yawancinsu sun lafe, ba sa ci, suna goye da wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa. Irin waɗannan nake fara murƙushewa a nawa, a zatona ƙwai ne. Na sa tsutsa ɗaya mai goyon a kwalba, na rufe da ƙyalle, na yi ta jira. Bayan kwanaki wasu ƙananan ƙwari masu kama da zanzaro suka fito daga farin goyon, tsutsar ta mutu. Irin ƙwarin nan ne na gani suna yawo a furen ciyawarsa. Wutata ce take korarsu daga nawa.

Da shekara ta zagayo na bar ciyawa. Tsutsa ta ragu, amma kanwa ta hana kabejin girma kamar nasa. Hajiya ta dawo, sai dai wurinsa take fara tsayawa, ni cikon buhu.

Na tambaye shi ko ya san aikin ƙwarin nan.

"Wane ƙwaro, Yaya? Ni fa ƙyuya ce kawai."

Ya ƙara muryar rediyonsa. Wannan amsar ta fi tafiyar Hajiya ci mini rai, har yau.