Lamba Goma Sha Shida Sau Uku

Galiema Dollie ba ta yarda da kowa ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa hakan. Direban tasin da ke ɗauko ta daga Mitchells Plain, sai ta leƙa tayoyinsa kafin ta shiga. Mai kifi a ganinta kifin jiya yake tallata wa mutane. Shekara ashirin da biyu tana zaune a wani ɗan ɗaki bayan filin ƙanƙara na Cape Town tana washin ƙarafan takalman 'yan wasan hoki na kan ƙanƙara, kuma ba ta taɓa barin mabuɗin ɗakin nan ya kwana a hannun wani ba. A wurin mahaifinta ta gaji sana'ar, shi wuƙaƙen masunta yake wasawa a Hout Bay.

Ƙarfen da ke ƙarƙashin takalmin ba baki ɗaya gare shi kamar wuƙa ba. Ana yi masa ɗan kwarmi ne a tsakiya, ya fito da baki biyu masu kama ƙanƙara. In kwarmin ya yi zurfi fiye da yadda ƙafar yarinya ta saba, takalmin ya riƙa cije ƙasa yana riƙe ta. In bai kai ba, ta riƙa zamewa a kwana. 'Yan matan ƙungiyar gida duk kwarmin rabin inci take yi musu, don da hannunta suka girma.

'Yarta Nuraan ce mai tsaron ragar gida, shekararta talatin da huɗu, gwiwoyi sun fara yi mata gardama. A shekarar da gasar matan ƙaramin rukuni ta zo garin, ƙasashe shida, Nuraan ta ce wannan ce ta ƙarshe a gare ta. Wasa huɗu suka yi, huɗun aka cinye su. Saura na ranar Asabar da wasu baƙi daga gabashin Turai, su ma ba su ci kowa ba. Wadda ta faɗi a cikinsu ita za a tura rukunin ƙasa, kuma Nuraan ta rantse ba za ta ajiye sanda a kan wannan abin kunya ba.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga wata doguwar mata mai furfura a ƙofar Galiema, da buhuna biyu na takalma. Radka ce, mai kula da kayan baƙin. Ɗan injin washin da suka zo da shi ya ƙone da aka ɗauke wuta aka dawo da ita. Ingilishinta bai fi cikin cokali ba. Ta nuna takalman, ta nuna farar ledar da aka manna wa kowanne da lamba a jiki, ta ɗaga babban yatsa ta tafi.

Galiema ta jera su a kan tebur tana dubawa. Goma sha shida. Goma sha shida. Goma sha shida kuma! Ga ashirin guda biyu, ga goma, kuma girman ƙafafun daban-daban.

"To fa," in ji ta. "Ruwa ba ya tsami banza."

Yaushe aka taɓa yin 'yan wasa uku da lambar riga ɗaya? Wato suna ɗaya suka rubuta wa hukuma, suna shigo da wasu a ɓoye ƙarƙashin hular kwano, ga raga ta rufe fuska, wa zai gane? Inji ya ƙone! Ita za a gaya wa inji ya ƙone? Duk da haka ta yi aikinta tsaf, rabin inci daga na farko har na ƙarshe, don Galiema ko maƙiyinta ba ta yi wa aikin banza. Radka ta dawo bayan la'asar ta kwashe.

Asabar da safe, saura awa huɗu a fara, Nuraan ta leƙo ɗakin da shayi da samosa a takarda. Galiema ta jawo ta ciki ta tura ƙofa.

"Zauna. Na kama su."

"Su wa kuma yau, Mami? Mai kifi?"

"Ke dai yi ta tsiya. Baƙin naku, mutum uku ke saka riga ɗaya. Yanzu zan je wurin alƙalan wasa."

Ta zayyana mata komai. Nuraan ta fashe da dariya har shayin ya zube mata a wando.

"Wayyo Mami, za ki kashe ni! Ba lambar riga ba ce. Awon kwarmi ne. Su can da milimita suke yi, ba inci ba. Kowace da nata awon, shi ne ta rubuta."

Galiema ta juya ta dubi injinta. Nan take Nuraan ta daina dariya.

"Mami. Da wane awo kika yi musu?"

"Rabin inci."

"Duka?"

"Duka."

Nuraan ta ajiye kofin a hankali. Ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Ba su hau ƙanƙara da su ba tukuna. Sai an fara za su ji. Kuma ba da gangan kika yi ba, Allah shaida ne." Ta kau da kai. "Ni dai ban ce komai ba."

Galiema ta kalle ta irin kallon da take yi wa direban tasi, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ba ta taɓa yi wa 'yarta shi ba.

"Ba ki ce komai ba," in ji ta. "Na ji abin da ba ki ce ba."

Ta ɗauki ma'auninta ta nufi ɗakin baƙi. Ai kuwa nan ta ga ta kanta. Uwar mai tsaron ragar abokan hamayya, ranar wasa, tana neman a ba ta takalma ta sake taɓawa? Radka ta tare ƙofa da jikinta, ta ƙanƙance ido tana cewa a'a, a'a. 'Yan matan suka taso suna ƙus-ƙus da yarensu suna nuna ta da baki. Wanzami dai ba ya son jarfa. Galiema ta ji kamar ta nutse, amma ta fizgi takalmi ɗaya, ta nuna lambar, ta ɗora ma'auni a kan ƙarfen, sannan ta bugi ƙirjinta.

"Ni. Ni na yi kuskure."

Radka ta daɗe tana duban ma'aunin. Daga nan ta ɗauki buhunan da kanta ta bi ta, ta ja kujera ta zauna a gaban inji, ba ta ko ƙyafta ido ba. Galiema ta shiga sake washi, kowanne da awon da ke jikinsa. Kowane takalmi ya sauka sai Radka ta karɓa ta auna, ta shafa da farce, ta sake aunawa. Ko na gode babu.

An tashi wasan biyu da ɗaya. Nuraan ta tare harbi sama da arba'in, amma saura minti uku wata 'yar siririya cikin baƙin ta yi wata kwana mai kaifi a bakin raga, ƙafarta ko gezau, ta zura ta biyu. 'Yan gida suka jeru a layi, hula a hannu, suna sauraron taken ƙasar wasu.

Galiema ta jira a bakin ɗakin canja kaya har kowa ya watse. Nuraan ce ta fito ƙarshe, tana jan ƙatuwar jakarta, idanu sun yi jawur. Uwar ta miƙa hannu za ta kama mata igiya ɗaya, Nuraan ta janye.

"Nuraan, ki saurare ni. Da na yi shiru..."

"Na sani, Mami. Daidai kika yi. Kowa zai ce daidai kika yi." Ta goge hanci da bayan hannu. "Ni uwata na fassara wa lambobin nan. Da na san mai washi nake gaya wa, wallahi da na bar ki kin tafi wurin alƙalai."

Ta saɓa jakar ta yi gaba. Galiema ta bi ta a baya har tashar tasi, suka shiga ƙaramar bas ɗaya, Nuraan ta wuce can kujerar ƙarshe ta zauna.