Mzee Sigei, Injin Buga Takarda na Goma Sha Ɗaya

Shekara ashirin da biyu Mzee Sigei ya yi yana dafa mana shayi a kamfaninmu na ganyen shayi a Kericho. Dogo ne, marar son magana, ya san sukarin kowa.

Da aka kawo sabuwar manhajar ba da izini, ni aka ɗora a kanta. Dokarta ɗaya ce: ba a ba mutum izini, sai rukuninsa. Akanta na da ƙofofinsa da fayilolinsa, direba ma haka. Mai shayi kuwa babu rukuninsa. Ranar farko katinsa na shiga ya ƙi buɗe ko'ina, ya tsaya a baranda da tire har shayin ya huce.

Na duba, rukuni ɗaya ne aka yarje wa kowane ofis, na injinan buga takarda. Muna da goma. Na saka shi cikon na goma sha ɗaya.

Ƙofofi suka buɗe, har ta manaja. Bayan sati ya zo da wayarsa, manhajar ta turo masa saƙo.

"'Yata, an ce tawadata ta kusa ƙarewa."

"Share kawai, Baba."

"Ina dai jin jiri kwanan nan," in ji shi.

Duk wata uku manhajar kan turo masa makaniki, wani Otiende. Zuwan farko Otiende ya yi ta neman inji, aka nuna masa Mzee. Ya kalle shi sama da ƙasa, ya tambaya ko yana cin takarda. Mzee ya ce ugali dai, tuwonsu na masara. Suka zama aminai. Daga baya Otiende ya riƙa zuwa da abin awon jini, shi ya gano hawan jinin Mzee.

Hutu ne ya gagara, don inji ba ya neman hutu. Da bikin 'yarsa ya zo, na rubuta cewa ya lalace na sati biyu. Bai ji daɗin kalmar ba, amma ya tafi.

Da ya isa ritaya, manhajar ta ba mu zaɓi uku: a gyara, a zubar, ko a mayar wa mai shi. Na karanta masa ina jin kunya. Sai ya kira matarsa.

Mama Taplelei ta zo daga Litein a motar haya. Ta zagaya shi sau ɗaya, ta ce ba haka ta ba mu shi ba, gashinsa baƙi ne a lokacin. Amma ta sa hannu, ta karɓi kayanta suka tafi.