Sifana Lamba Goma

Ranar Talata ce, ba kasuwa. Jirginmu ba zai fita ba sai ƙarfe goma. Da bakwai da rabi ina zaune a ƙofar gida ina shan koko. Yayana Habu yana gefe yana aske gemu a gaban ɓallin madubi, matarsa Zulai tana shanya kifi a bayan ɗaki. Garinmu a bakin tafki yake. Ba zan faɗi sunansa ba, don babu shi yanzu.

Yau a Guangzhou ta ƙasar Sin nake, a wani ɗaki a unguwar Dengfeng. Injinan jirgin ruwa nake saye ina turawa gida, 'yan Kano da 'yan Maradi suna kirana Injiniya. Dariya sunan yake ba ni, wani lokaci kuma haushi. A waccan safiyar ban san komai game da inji ba sai ƙararsa. Aikina lodin kaya da daidaita zaman mutane kada jirgi ya karkace. Inji na Yaya ne, ɗan ƙarami mai shan dizal, wanda ake tayarwa da hannu.

Muna da wata ɗabi'a a garin. Ba a kwana da mai a tanki, saboda ɓarayi. Kowace yamma Yaya zai zare tiyo ya tsiyaye man a jarka, ya ɗauko hannun da ake murɗa injin da shi, ya haɗa da wata 'yar sifana lamba goma, ya kawo gida. Jarka a ƙarƙashin gado, hannu a bayan ƙofa, sifana a rataye jikin ƙusa. Da safe sai ya durƙusa gaban injin ya yi 'yan taɓe-taɓensa kafin ya murɗa. Shekara shida ina ganinsa, ban taɓa tambayar me yake yi ba. Ni a wurina iyayi ne kawai irin na masu inji.

Takwas da minti goma muka ji ƙara ta farko, daga wajen makabarta. Na ce taya ce ta fashe. Sai ta biyu, sai suka haɗe ba tsayawa. Sai ƙarar babura. Yaya ya yar da reza, rabin fuskarsa da kumfa.

"Kayan inji! Bakin ruwa!"

Ya saɓa 'yarsa a kafaɗa, ya ja Zulai. Ni na faɗa ɗaki. Na ja jarka, na ɗauki hannu. Na ga sifanar a ƙusa, wallahi na gan ta. Hannuwana biyu a cike suke, na ce wannan ɗan ƙarfen me zai yi mana. Na fita da gudu.

Takwas da ashirin muka isa. Sauran jiragen duk sun tafi kamun kifi tun asuba, namu kaɗai ya rage. Kafin mu iso mutane sun cika shi, mata da yara da tsofaffi, wasu ko takalmi babu. Yaya ya juye mai a tanki, ya danna ɗan liban da ke sauƙaƙa murɗawa, ya murɗa, ya saki. Inji ya kama. Jirgi ya ɗauki hamdala. Ban gama kwance igiya ba ya yi tari sau biyu ya mutu.

Yaya ya sake murɗawa. Shiru. Ya sake. Ko hayaƙi babu.

"Iska ce a layin mai. Sifana!"

Ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba. Da bai ji komai a tafinsa ba ya ɗago. Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Ya dubi gari, inda hayaƙi ya fara tashi ta yamma, ya dubi mutanen da ke cikin jirgi.

"Kar kowa ya sauka!"

Ya dira. Takwas da ashirin da shida. Daga bakin ruwa zuwa gidanmu minti shida ne da gudu.

Na durƙusa inda yake durƙusawa kullum. Akwai wani ɗan noti a saman filtar mai, ya yi haske saboda yawan taɓawa. Na kama shi da yatsu, bai motsa ba. Na naɗa bakin rigata na murɗa, fatar yatsana ta sale. Na sa haƙori. Na sa wuƙar wani, bakinta ya karye. Maza uku suka ɗauki gora za su tura jirgin, amma ya yi nauyi, gindinsa ya zauna a laka. Wani ya ce a kunna tsumma a kanga wa injin inda yake shan iska, haka ake yi da sanyi. Muka kunna, na murɗa har hannu ya kuɓuce ya doke ni a haƙarƙari. Inji bai ko yi tari ba. Wani ya ce ruwa ne a man. Na ɗiga a tafina na duba, mai ne tsantsa.

Takwas da talatin da uku harbin ya baro yamma ya dawo tsakiyar gari. Yanzu ana jin muryoyi. Rumfunan kasuwa suka kama da wuta. Yaran da ke cikin jirgi suka daina kuka, wannan ya fi kukan tayar mini da hankali. Na dafa injin ina roƙonsa kamar mutum. Ban ji kunya ba, har yau ma ba na ji.

Sai wani abu ya taɓa kafaɗata. Inna Ladi ce, tsohuwa mai bandar kifi. Ta kwance ƙullinta ta miƙo mini wata tsohuwar filaya da take murɗa wayar ragar banda da ita.

Filayar ta zame sau biyu, ta cinye gefen notin. A na uku ya saki. Kumfa ta fara fitowa, tana fus-fus. Na jira har kumfar ta ƙare, mai ya biyo baya, na ɗaure. Na murɗa. Shiru.

Na rufe ido na nemi Yaya a safiyar kowace rana. Bayan filta yana kai hannu sama, wurin siririn bututun ƙarfen da ke shiga kan inji. Yana sassauta shi, ya murɗa a hankali, ya karkata kunne. Na yi haka. Wani mutum ya murɗa mini. Mai ya fara tsartuwa daga bakin bututun. Na ɗaure, na ce ya ci gaba. Sai na ji wani ɗan sauti daga ciki, ƙit, ƙit, ƙit. Ashe shi Yaya yake saurare duk shekarun nan.

Takwas da arba'in da ɗaya inji ya kama. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe mu. Maza suka shiga ruwa suka ture jirgin daga laka, suka hau.

Yaya bai dawo ba. Minti goma sha biyar da tafiyarsa.

Na riƙe jirgin a wurin. Ban kashe inji ba, don ban san ko zai sake tashi ba. Ƙararsa kuwa ta cika bakin ruwa, duk wanda ke cikin gari ya san inda muke. Minti ɗaya. Biyu. Babur ya ɓullo ta wajen kasuwa, wani na biye da shi. Harsashi ya daki gefen jirgi, katako ya tarwatse a kan wata mata.

"Ja! Ja mana!" in ji mutanen cikin jirgi.

"Kar ka tafi!" Wannan Zulai ce.

Takwas da arba'in da biyar na ja. Na dubi gaba, ban waiwaya ba ko sau ɗaya. Na ce a raina kallon hanya nake yi saboda ciyawa. Ƙarya ne, tsoro nake kada in ga abin da zai sa in juya da mutum talatin da huɗu.

Awa uku muka yi a ruwa. Zulai ta rungume 'yarta ta juya mini baya har muka sauka a ɗaya gaɓar. Mun nemi Yaya a sansani uku, ba labari. Na gaya wa kaina tun a hanyar zuwa gida suka same shi, ko na jira awa guda ba zai zo ba. Da wannan nake samun barci.

Watan jiya na dawo daga wurin wani laoban, wato mai shago, wanda nake sayen famfon mai a hannunsa, na shiga wani ɗan gidan abinci a Dengfeng da azahar. Wani mutum ya kira sunana na yarinta. Isa ne, mai shagon waya a garinmu da, ya zo sarin kaya. A ranar ya ɓuya a cikin ciyawar bakin ruwa har yamma. Muka ci tuwo, muka lissafa waɗanda suka rage. Ya ɗauka na sani, shi ya sa ya faɗa.

Ya ce Yaya ya iso. Yana ɗingishi, jini a cinyarsa, amma ya iso. Ya shiga ruwa har gwiwa, ya ɗaga sifanar sama yana kiran sunana.

Na tambaye shi jirgin ya kai ina a lokacin. Ya leƙa ta ƙofa, ya nuna wani shagon waya a tsallaken titi.

"Kamar can."

Na duba. Daga nan ana jin kiran mutum, in da inji a kashe yake.