Ciwon da Aka Hana Kaka Gani

Ba na son warin jiƙaƙƙen ƙaro. Ko a tawadar allo na ji shi, sai in kai hannu in shafa ƙwaurina na hagu.

A shekarun farin nan, lokacin da gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, mu 'yan matan ƙauyenmu, tsakanin Isa da Sabon Birni, ba mu da aiki sai tsinkar anza a daji. A can na faɗa kan wani kututture, ya tsaga mini ƙwauri. Kaka, mahaifiyar babana, ta wanke da ruwan zafi, ta barbaɗa garin bagaruwa. A gidanmu haka ake yi: a bar ciwo ya sha iska, kowace safiya tsohuwa ta duba shi, ta sunsuna. Amma jikin da bai ƙoshi ba ba ya saurin haɗa fata. Ciwo ya ƙi rufewa, ƙudaje suka sami wurin zama. Akwai wani maƙwabcinmu da gyambo ya ci har aka yanke masa ƙafa. Nakan tsaya in ƙura wa sandarsa ido, ina tunanin ko za a sami ƙarama daidai ni.

Kawu, ƙanen mahaifiyata, yana fatauci ta Burkusuma zuwa Nijar. Shi ya zo da abin, cikin takarda mai rubutun Faransanci, ya ce a wani asibiti aka ba shi. Filasta ce mai faɗin tafin hannu, hawa-hawa: cikinta santsi don kada ta kama nama, sai auduga mai shanye ruwan ciwo, bayanta kamar leda, gefenta da danƙo. Ya wanke ciwon, ya liƙa, ya ce kada a taɓa sai kasuwa ta zagayo.

"Ba ta son wanki kullum, Inna," in ji shi. "Kin ga ruwa ma ya huta."

Kaka ta juya takardar gaba da baya.

"Mi anka sa ciki da ba a so in gani? Wanda ya ba ka abu kyauta cikin yunwar ga, mi shika nema?"

Kada ka ga laifinta. A lokacin ko hatsin agaji sai an watsa wa kaza ta fara ci. Ni kaina ban yarda da filastar ba. In ta yi mini ƙaiƙayi, sai in ce tsutsa ce ke yawo a ƙarƙashi.

Kawu na juya baya, Kaka ta sa farce ta ɗaga gefe. Ta duba, ta sunsuna, ta ƙara bagaruwa, ta mayar. Haka kowace safiya. Da danƙon ya daina kamawa, sai ta jiƙa ƙaro ta riƙa shafa wa gefen. Mahaifiyata tana gani, amma ba a yi wa uwar miji gardama.

Ranar da kawu ya dawo, ƙafar ta kumbura har gwiwa, filastar ta yi baƙi da ƙaro da yashi.

"Wa ya buɗe?"

"Ni. Da ban buɗe ba, da yanzu ƙashi kaka gani."

"Inna, buɗewar ce ta kawo haka!"

"Za ni bar ɗiya ta ruɓe cikin leda don Nasara ya ce?"

A kan jaki aka kai ni asibitin Isa, su biyun suna biye. Kowannensu ya so malamin asibiti ya ba shi gaskiya. Shi ko bai ɗaga kai ba, ya ce su danne ni kawai, ya shiga kankare ruɓaɓɓen nama. Ƙafa ta tsira, amma jijiya ta ɗaure. Tun daga nan nake ɗingishi.

Yau irin wannan filastar tana kowane kemis, mutane suna liƙawa ba tambaya. Ni kam sai na tambayi mai sayarwa inda aka yi ta, da lokacin da za ta lalace, da ko ta dace da ciwon da ya fara wari, har ya gaji da ni. Kaka ta rasu tana kan bakanta. Kawu yana nan, ya tsufa, ido ya tafi. In na je gaishe shi, tun daga zaure yake gane tafiyata. Yakan bari in zauna, sannan ya ce, "Ya ƙafar?" In ce lafiya lau. Daga nan sai mu yi zancen damina.